Hannun Da Kuka Sulhunta Na Akuya Ne

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Sulhu na layinmu, Mabera, Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan kwamiti, ni ce Kulu mai kitso, wadda gidan aurenta ke kallon gidan Alhaji Ummaru. Ka yafe mini duk kuskuren da ka gani a rubutun nan. Da babban yatsan hagu nake latsa shi a waya, don hannun damana na cikin karan ɗori, kuma a kansa ne nake rubuto maka. Sau uku ina zuwa ƙofar gidanka ana ce mini ka fita, ga takalminka ina kallo a bakin zaure. Shi ya sa na kawo maganar inda kowa zai karanta.

Na ɗaya, abin da ya faru. Wata Talata bayan la'asar, yau mako biyar ke nan, uban ɗiyana ya dawo daga mahauta ya iske ina kan kitson wata baiwar Allah, tuwo bai sauka ba. Ba zan kama sunansa ba, kun san shi, a teburinsa kuke sayen nama. Ba ranar ya fara ba, shekara goma sha ɗaya ina shanyewa, amma ranar ce ya ɗauki taɓarya. Na kare kaina da hannu, na ji ƙas! Na ruga waje ko mayafi babu, ya biyo ni ya wurgo taɓaryar. Allah ya sa na kauce na faɗi ƙasa, ta sami jar akuyar Alhaji Ummaru da ke ɗaure a gindin dogonyaro. Ita ma a dama ta same ta. Kai ma ka sani, mahauta ba su cewa ƙafar gaba, hannu suke cewa, kuma rabin layinmu mahauta ne. To ka ga hannu biyu suka karye a yammacin nan, da taɓarya guda.

Na biyu, shaidu. Maza bakwai ne zaune a benci a ƙofar Alhaji, na ƙirga su da idona ina kwance a ƙasa. Duka bakwai ɗin sun ga abin da ya sami akuya. Sun faɗi inda take tsaye, da yadda ta yi kuka, da ɓangaren da ta faɗi. Da aka zo kaina, ko mutum ɗaya bai ga komai ba. Wani ya ce yana ɗaure takalmi, wani ya ce rana ce ta haske masa ido, ɗaya kuma cewa ya yi tunda na fito ba mayafi dole ya kau da kai. Madalla da wannan tsoron Allah! Tambayata guda ce: taɓaryar daga sama ta faɗo?

Na uku, zaman da kuka yi, wanda shi ne asalin wannan wasiƙa. Alhaji ya kai ƙarar akuyarsa, ni ma na kai tawa. Kuka sa mana Asabar ɗaya bayan mako biyu. Aka shimfiɗa mini tabarma a bayan zaure, wai mace ba ta zama cikin dattawa, aka ce Kawu Garba ne wakilina. Kawu kuwa kunnensa ya yi nauyi tun ina budurwa, duk abin da aka ce sai ya ce haka ne. Akuya ita aka shigo da ita har tsakiyar zaure. Wani dattijon mahauci ya durƙusa ya mammatsa ɗorin, ya sa aka zagaya da ita sau biyu ana kallon takunta. Nawa hannun ba wanda ya duba, wai bai kyautu maza su kalli hannun matar aure ba.

Sakatarenku Malam Sahabi, wanda shi ma ɗan gidan fawa ne, ya ga ƙara biyu, mai laifi ɗaya, taɓarya ɗaya, sai ya haɗe mu a shafi guda ya rubuta a sama: Batun karya hannu. Ƙarƙashinsa sunana, don ni ce mai suna, akuya ba ta da shi. Da aka gama aka miƙo mini takardar ta bayan labule aka ce in sa hannu. Na ce hannun ne ai ya karye. Aka kama yatsan hagu aka dangwala. Na ce a bari in karanta, na yi makaranta, aka ce magariba ta gabato, dattawa za su yi alwala.

Sai da na karɓi kwafi daga baya na ga abin da na dangwala wa yatsa. Ga shi nan kalma da kalma: An karya mata hannun dama. An ɗora. Ta miƙe tana takawa, har ta fara cin harawa. Mai ita ya yafe. Magana ta ƙare.

Ranka shi daɗe, wallahi tun da uwata ta haife ni ban taɓa cin harawa ba.

Na huɗu, yawon da takardar nan ta sa ni. Na je wurin 'yan sanda, suka ce in kawo takardar asibiti. Asibiti suka ce tunda mai ɗori ya riga ya taɓa hannun, sai na kawo takardar 'yan sanda. Na koma, sai na iske uban ɗiyana ya riga ni, ya ajiye musu kwafin sulhunku. Jami'in ya karanta, ya ce ai an sasanta mu. Na nuna masa wurin harawa da yatsa, na ce yallaɓai dubi nan. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce mai jinya babu abin da ba ya sha'awa. Ban san lokacin da na yi dariya ba, ina yi hawaye na zuba, har ya ce tunda ina dariya ashe na warke.

Daga nan yayata ta raka ni kotu na shigar da ƙara. Magatakarda mutumin kirki ne, ya saurare ni, amma da ya kai kan "mai ita ya yafe" sai ya tsaya. Ya ce ubana ne mai ni? Na ce ubana ya rasu. Ya ce to mijina ke nan. Ka ji fa! A takardarku, mutumin da ya karya ni shi ne kuma ya yafe mini. Magatakarda ya faɗa mini gaskiya: ga sunana, ga yatsana, ga hatimin kwamiti. In ba ku gyara ba kafin zaman Alhamis mai zuwa, za a ɗauka an sulhunta, a rufe ƙarar. Kawu Garba kuwa ya riga ya aiko cewa ana rufewa zan tattara in koma ɗakina, don ba za a ce gidanmu ba su jin maganar dattawa ba. Wannan dai ya ji shi sarai.

Na biyar, abin da nake gani a unguwa. Akuya ta yi kuka aka ce abin tausayi. Ni na yi ihu aka ce na tara wa mijina jama'a. Mata sun shiga gidan Alhaji yi wa matarsa jaje, ni kuwa da na koma gidan yayata, 'yan dubiyata ba su cika hannu ɗaya ba, kuma kowace da "ki yi haƙuri" take tashi. Ban ji wanda ya ce wa akuya ta yi haƙuri ba. Masu zuwa kitso ma da suka ce za su jira ni in warke, wasu mazansu sun hana su, wai zan koya musu kai ƙara. Ɗiyana uku suna can wurinsa, babbar ta aiko mini cewa taɓaryar an dawo da ita, tana jingine inda take. Raina ya ɓaci, ranka shi daɗe, kuma ina jin tsoro. Na faɗa ne ƙarara don kada wannan ma a rubuta shi da sunan wata.

Ga abin da nake roƙo.

Malam Sahabi ya raba mu shafi, akuya nata, ni nawa, a buga hatimi, a kai kotu kafin Alhamis. Ba na neman a kore shi, a dai saya masa takarda.

A kira mazan nan bakwai a tambaye su abu guda: wa aka wurga wa taɓaryar da ta sami akuya? Ko wanda ya kau da kai ai ya san daga wa ya kau da shi.

Duk macen da ta kawo ƙara nan gaba, a bar ta ta faɗi da bakinta, ta karanta kafin a kama mata yatsa. In kunya ce ta hana ku duba rauninta, matanku na cikin gida, a kira ɗaya.

In kuwa duk wannan ya fi ƙarfin kwamiti, to ina da roƙon ƙarshe, kuma ba wasa nake ba. Tunda takarda ta riga ta mai da ni akuya, a cika mini haƙƙin akuya. Na ji labari tun washegarin sulhu Alhaji Ummaru ya sa aka ɗauke ta a mota aka kai ta gonarsa ta Kwalkwalawa, kuma ku dattawa kuka ba shi shawarar. Dalilinku shi ne mutumin nan in ransa ya ɓaci bai san abin da hannunsa ke yi ba, gara a nisanta ta da shi. Ashe kun sani. Ita kun ce a ɗauke ta don kada ya ƙara samunta, ni kuma kun ce in koma ɗakina.

Allah shi ƙara maka lafiya da nisan kwana, shi ba ka ikon yin adalci, shi kare ɗiyanka mata daga zama bayan zaure ana yanke musu magana. Ranar Alhamis zan je kotu da hannuna a rataye, in Allah ya so. Ina fatan in iske takardarku ta riga ni.

Wassalam.

Kulu mai kitso,
mai ɗaya hannun.