Tulun Baba Tanus

Kafanchan,
14 ga Nuwamba, 1976.

Zuwa ga Yayana Silvanus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina addu'a kai da Emilia da yara kuna lafiya a Legas. Mu ma lafiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta je coci da kanta ran Lahadi. An fara haƙar citta, ƙanwarmu Edna tana ta tsagawa da shanya.

Na ga maganar aikin da ka samo mini a tashar jirgin ruwa. Kafin in ba ka amsa, ka sani maigidana Baba Tanus, Kwaran nan ɗan Labanan mai sayen citta, ya rasu mako uku ke nan. Na kai masa shayi da safe na same shi a kujera, rediyo yana ta labarin yaƙin ƙasarsu Labanan. Ban yi kuka ba. Na kashe rediyon, na kira maƙwabta.

Ka tuna itacen inabin da ke bayan kantinsa? Daga gonar ubansa ya kawo shi, ɗan kara naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Yakan ce mutanensu suna matse inabi ya zama giya tun kafin a haifi Yesu, suna kai shi Masar cikin tuluna ta teku, kuma har yau akwai fada-fada na coci masu ajiye shi a kogo ƙarƙashin ƙasa. A ƙauyensu wai gida duka ake shiga ramin dutse a tattake da ƙafa ana waƙa. Mu namu a kwanon wanka muka yi, ni da shi, bara waccan. Shekara bakwai ruwan sama yana ruɓar da 'ya'yan kafin muka samu na tulu ɗaya. Ya liƙe bakin da laka, ya ce ba za a buɗe ba sai ranar da ɗansa Fu'ad ya zo, domin a wurinsu uba yakan tari ɗansa da abin da hannunsa ya matse. Ya ce abin yana ƙara daɗi ne da daɗewa. Tun da yaƙi ya fara, wasiƙar Fu'ad ba ta sake zuwa ba.

Ranar biso ba danginsa ko ɗaya, mutanenmu ne suka cika gidan. Ina can maƙabarta, Kawu Luke ya ga abin kunya ne masu makoki su zauna ba abin jiƙa maƙoshi. Ya shiga ɗaki ya ga tulun, ya fasa lakar, ya ɗanɗana, ya tofar. Ya ce burukutu ma in ya wuce kwana uku ba ya shawuwa, balle wannan da ya yi ja kamar jini. Ya zubar a bayan kanti, ya aika aka sayo sabon burukutu. Da na dawo ya tare ni da fara'a, wai ya ceci baƙi daga ciwon ciki. Na ce na gode, Kawu. Na tsaya ina kallon tururuwa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar. Yaya, ko fushi ban ji ba. Har yau ina jiran in ji wani abu.

Wanda ya karɓi kantin zai sare itacen ya gina ɗakin ajiya. Sai na yanki kara shida yadda Baba ya koya mini, kowanne da ido uku, na dasa a gonarmu ta gindin dutsen Kagoro. Biyu sun fara toho. Shekara uku za su yi kafin su ba da 'ya'ya, kuma ba wanda ya san lokacin da ake aske musu rassa sai ni. Don haka ka yi haƙuri, ka ba wani aikin.

Abu ɗaya nake roƙo. Tun da an ce mutanensu suna ta sauka Legas, in ka ga Kwara ka tambaye shi ko ya san Fu'ad ɗan Tanus. In ka same shi, ka ce ubansa yana maƙabartar Katolika, ni na san wurin. Kada ka yi masa maganar tulun. Na wanke shi na kife a ɗakina.

Ka gaishe da Emilia, da Lucia da ƙaramin Meshak. Mama da Edna suna gaisuwa.

Ni ne ƙaninka,
Kambai