Irin Shinkafarki Zai Bar Gidanmu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar 'ya ga uwa, ina fatan ƙasa ta yi miki sauƙi. Daga Sabo nake rubuto miki, nan Ibadan inda aure ya kawo ni har furfura ta cim mini. Na san babu gidan waya a inda kike, amma akwai abin da ba zan zartar ba sai na sanar da ke.

Kin tuna ranar da za a sa ni a mota, kika ƙulle mini irin shinkafarki a bakin zane? Jar nan ta fadama mai bin ruwa, in ya ƙaru ta ƙara tsawo, har a yanke ta daga cikin kwalekwale. Kika ce, "Kada ki dafa shi, kuma kada damina ta wuce bai taɓa ƙasa ba."

Tun ina goye a bayanki na koyi fadama. Kogi kan cika a hankali, ya shigo ya kwanta wata da watanni, ya janye ya bar mana laka. Kowane tsiro ya san mazauninsa. Bado a tsakiyar tafki, ciyawar burgu a gefe inda shanu ke jira, giyayya inda ruwa ke kai wa ƙugu. Tsamiya kuwa tana can kan tudu, ba ta son a jiƙa mata ƙafa. Kullum cewa kike ruwa baƙo ne mai alheri biyu, zuwansa da tafiyarsa.

Na riƙe amana gwargwado. Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, ya aro mini ɗan kwari a bakin wani rafi wajen Ojoo, a hannun abokinsa Bayarabe. Har Malam ya rasu mutumin yana tsokanarsa, wai da gonar da ba ta fi tabarma biyu ba Hausawa za su ciyar da Ibadan. Ruwan nan garin ba shi da haƙuri, Inna. Ya zo a fusace da azahar, kafin la'asar ya kwashi bokitan mutane ya wuce. Shinkafarki ba ta taɓa wuce gwiwa ba, amma tana ba ni irin da zan mayar tulu. Bara aka yi wa rafin bangon siminti, aka gina shaguna a kan kwarin. Damina ɗaya ke nan irin bai taɓa ƙasa ba, ta biyu kuma ga ta tafe.

Ina cikin wannan damuwar sai ga autanki Sale, ya biyo motar albasa zuwa Kasuwar Shasha. Na ce to, irin zai koma gida.

Sai ya ba ni labarin fadamarki. Tun da aka datse kogin can sama, ruwa ya daina zuwa ya daina tafiya. Gefe ɗaya yana kwance shekara duka, ciyawar kacala ta toshe ko'ina, tsuntsaye jan baki sun yi sheƙa a ciki suna cinye gonakin mutane. Gefenmu kuwa ya bushe. Giyayyar da kike rataye goranki an sare ta an yi girki. Jar shinkafa ta ƙare a garin, ba mai ko tafi ɗaya.

Na ɗauko tulun na buɗe masa. Ya tsoma hannu, sannan ya ce, "Yaya, a ina zan shuka shi?"

Ga abin da na yanke. Maƙwabciyata Asabe mai busasshen kifi za ta koma garinsu a ƙasar Kabi. Ta ce har yanzu kogi na shiga gonarsu yana fita. Ba danginmu ba ce, ba ta san fuskarki ba. Jibi zan ƙulle mata irin a bakin zane, in faɗa mata abin da kika faɗa mini. Na so ya zauna a hannun jikokinki, Innata, amma ba mu da ruwan ba shi. Ki yafe mini.

Allah ya sanyaya makwancinki, ya shayar da ke daga ƙoramun Aljanna. Ya sa irin nan ya tsira a inda za shi, ya yi tsawon da kika san shi da shi.

Taki har kullum,
Ladi