Inna, kotu ta yarda da Hadiza

Assalamu alaikum, Inna. Gaisuwa da girmamawa daga 'yarki Salamatu, da fatan Allah Ya haskaka makwancinki.

Albishirinki: an yanke hukunci a shari'ar Hadiza autarki, kuma an yarda da ita.

Kin riga kin rasu lokacin da abin ya faru. Mai shagon ɗinkin da take yi wa aiki ne ya kulle ƙofa da rana tsaka ya yi mata fyaɗe. Gidana ta zo, mayafi a yage, ƙafa ba takalmi. Ni na kai ta asibiti, daga can muka wuce wurin jandarma, jami'an tsaro, muka kai ƙara.

Da aka sa ranar zama a kotun Garwa, dangi suka matsa mini in ce na ga mutumin da idona. Goggo Dudu ƙanwarki ta ce, "Ɗan ƙari ai ba ƙarya ba ne, tunda ya aikata." Na kusa yarda, Inna, don ina tsoron a ce akwai shakka a sake shi. Sai na tuna ranar da tulunki ya fashe, duk muka ɗora wa Sani ƙanenmu laifin, kika ce, "Wadda ba ta gani ba ta yi mini shiru."

A kotu, lauyan mutumin yana tambaya da Faransanci, tafinta yana juya mini. Na ga mutumin? Ban gan shi ba. Na ji ihu? Ban ji ba. Na ce abin da na gani ƙanwata ce, da jini a leɓenta, da yadda ta kasa riƙe kofin ruwa. Goggo ta dafe kai. Na sauko ina hawaye, na zaci na kashe shari'ar.

Da kin ga Hadiza, Inna! Lauyan ya yi ta juya ta, wai me ya sa ba ta yi ihu ba. Ta dube shi ta ce, "Hannunsa yana kan bakina." Ba ta sunkuyar da kai ba. Ɗan moto, mai babur ɗin hayar da ya kawo ta gidana ranar, ya ba da shaida, likita ma haka.

Alƙali ya ce ya auna maganganunmu, kowa ya tsaya iya abin da ya sani, kuma sun dace da juna. Bai ga shakka ba. An tafi da mutumin gidan yari.

Kawu Hamadu mahauci ya aiko da cinyar saniya guda don murna. Goggo, da ta ƙaurace mini, ita ta fara guɗa, ta taka rawa har ɗankwalinta ya faɗa cikin miya. Hadiza ta yi dariya, Inna, irin dariyarki mai sa tari. Ta cinye tuwonta ta miƙo kwano a ƙara mata.

Ba ta warke duka ba, amma jiya ta sa na raka ta kasuwa duba keken ɗinki.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya tsare mana Hadiza.

Taki har kullum,
Salamatu