Injin da Yaya Ya Aike Ni Saye

Asabar, 4 ga Mayu

Biza ta fito. Allah Ya yafe min, na so a ce ba ta fito ba.

Yaya ne ya kamata ya yi wannan tafiya. Shi ya ga injin ɗab'in a bidiyo, shi ya yi wata da watanni yana ciniki da tsohon da ke sayar da shi a wata ƙasa. Sai ya faɗo daga tsani a maɗaba'armu wajen gyaran fanka, ƙashin cinya ya karye. Yanzu yana asibiti, ƙafa a rataye, yana ba da umarni kamar yana kan kujerarsa. "Auta, ba wani abu ba ne. Ki je, ki ga inji, ki sa hannu, ki dawo."

Na haura arba'in, 'ya'yana uku, tun da Baba ya rasu ya bar mana wurin ni ke odar takarda da tawada, amma har gobe Auta nake. Ban taɓa shiga jirgi ba.

Mun karɓi aikin littattafan makaranta mai yawa, injinmu kuma tari yake kamar mai asma. In sabon bai zo da wuri ba, aikin ya kuɓuce. Ma'aikata kallona kawai suke in na wuce.

Litinin, 6 ga Mayu

Kowa ya zama malamin tafiya. Yaya ya ce in ɗauki hoton fasfo da biza a waya, in kuma yi kwafinsu in ajiye a wata jaka daban. Ya ce in je banki in faɗa musu zan fita, kar su ga ana cirar kuɗi daga nesa su toshe katin. Na je, na sha layi. Ya ce soket ɗin can ba irin namu ba ne, in sayi kan caja mai shiga ko'ina.

Umma ta ce kar in ci abin da ban san sunansa ba. Na ce Umma ai da yunwa za ta kashe ni. Ta cusa min bargo a akwati duk da na ce otal na da bargo. "Kin san wanda ya lulluɓa da shi kafin ke?"

Baban yara ya ɗaga akwatin ya ce gida zan koma can da zama? Ya fitar da rabin kayan. Ya so ya fitar da sabon takalmina mai tsini, na hana. Ba zan je gaban mutane da silifa ba.

Laraba, 8 ga Mayu

Ina otal.

A layin auna kaya na haɗu da wata Hajiya 'yar kasuwa mai jar jaka, da gani ta saba. Ta kalle ni sau ɗaya ta ce, "Ƙanwata, karon farko ne ko? Kin sa kayan canji a jakar hannu?" Na ce a'a. Ta sa na buɗe akwati a ƙasa a gaban jama'a, na ciro riga da mayafi da takalmina mai tsini da maganin hawan jinina da caja. Kunya kamar in nutse. Ta ce kar in riƙe wa kowa saƙo ko da allura ce, in yi ta shan ruwa a jirgi, kuma in jami'in shige da fice ya tambaye ni in amsa abin da ya tambaya kawai. "Ba surukinki ba ne, ba sai kin ba shi tarihi ba."

Da jirgi ya tashi na damƙe hannunta har zobenta ya shata min tafi. Ita kuwa ta ci gaba da taunar cingam.

Akwatina bai iso ba. Na tsaya ina kallon bel ɗin da ke fito da kaya yana zagayawa har ya zama babu kowa sai ni. Suka ce ya tsaya a inda muka canza jirgi, za su kawo otal. Hajiya ta riga ta wuce. Ko lambarta ban karɓa ba, ko godiya ta kirki ban yi mata ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Gara da na iso da kwana guda a hannu. Na ce bari in je in ga wurin tsohon tun yau, kar gobe in makara.

Matar da ke teburin karɓar baƙi ta ba ni katin otal mai adireshi da rubutunsu, ta nuna min in sa a jaka. Ta kuma nuna min shagon da zan sayi layin waya. Sannan na shiga jirgin ƙasa, na shiga wanda ke tafiya ɗaya ɓangaren. Ban ankara ba sai da gidaje suka ƙare na fara ganin fili. Na sauka, babu wanda ke jin maganata, ni ma ba na jin tasu. Wani mai shara ya karɓi katin ya duba, ya raka ni har ɗaya gefen, ya ƙirga min tasha da yatsunsa.

Na sami wurin daga baya. Wani lungu ne, ƙofar ƙarfe kore, ƙanshin tawada tun daga waje. Ƙanshin ne ya sa na ji kamar na ga ɗan uwa.

Takalmi mai tsini ya tayar min da bororo biyu a dunduniya. Na sayi na roba mai faɗi a bakin tasha. Ba zan faɗa wa Baban yara ba.

Na ɗan yi kuka a ɗaki, ba mai yawa ba. Burodi da ƙwai da shayi, su ne na san sunansu.

Juma'a, 10 ga Mayu

Tafintar da Yaya ya samo mace ce, sa'ata, mai tabarau da ƙaramar murya. A hanya ta koya min gaisuwarsu da kalmar godiya. Na faɗa wa tsohon, ya yi dariya har da riƙe ciki, amma na ga ya ji daɗi.

Ɗan ƙaramin mutum ne, hannayensa baƙi ƙirin da tawadar da ba ta fita. Ya tuna min da Baba. Shi kaɗai ya rage a wurin, matarsa ta rasu, 'ya'yansa aikin ofis suke. An sayar da ginin, ƙarshen wata zai fita. Ya haɗa min shayi da kansa, ya goge kujera da gefen rigarsa.

Injin kuwa, tubarkalla. Na tarar da shi yana aiki, takarda na fita kamar ruwa, kala ta zauna daram. Na gane abin da ya sa Yaya ya kasa barci a kansa. Tsohon ya miƙo takardun ciniki da biro.

Tafinta ta matso ta ce a hankali, "Ba dole sai yau ba. Nan ba a jin haushin wanda ya ce zai yi tunani." Sai na ji bakina ya ce zan dawo Litinin da safe, ina so in ga an tayar da injin daga sanyi, a gabana. Tsohon ya ce to.

Yaya a waya: "Me kuma za ki gani? Ba kin gan shi yana aiki ba? Auta, kar ki ɓata min ciniki." Na ce ai kwanan otal ɗin yana nan, babu asara.

Asabar, 11 ga Mayu

Akwati ya iso. Na lulluɓa da bargon Umma na yi barcin rana.

Lahadi, 12 ga Mayu

Gobe za a yi wa Yaya aiki, za a sa masa ƙarfe. Muryarsa ta yi ƙasa yau, bai ma yi zancen inji ba sai a ƙarshe. Tsoro yake ji. Ban taɓa jin Yaya da tsoro ba.

Na hau jirgin ƙasa na je na dawo ban ɓata ba. Don kawai in gani.

Litinin, 13 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Injin bai tashi nan take ba. Tsohon ya buɗe gefensa, ya ɗaure wani abu, ya sassauta wani, ya kara kunne, ya ɗan buga da tafin hannu kamar mai lallashin jaki. Sai ya tashi, ya yi aiki lafiya lau. Amma na ga ya jawo wata durowa cike da ƙananan ƙarafa, duk da alamar zarto a jikinsu. Na ce wa tafinta ta tambaye shi ina ake sayen kayan gyaran injin.

Ya zauna a kan kwalin takarda. Ya ce kamfanin da ya ƙera shi ya rufe tun tuni. In wani abu ya lalace shi ke ƙera madadinsa da hannu. Ya ce Yaya bai tambaya ba, shi kuma bai faɗa ba, yana ta cewa a ransa zai haɗa mana da durowar. Na ce in na durowar suka ƙare fa? Ya buɗe hannayensa kawai.

Ba macuci ba ne. Mutum ne da yake so injinsa ya sami gida kafin a jefa shi a bola.

Na fita lungu na kira Yaya. Matarsa ta ɗauka, ta ce an shiga da shi, sai yamma. Na kira Baban yara, ya ce, "Ke kika gani da idonki, ni me zan ce?" Na tsaya ina kallon ƙofar nan kore. Duk abin da muka tara a maɗaba'a a kan injin nan zai tafi. In ya tsaya a tsakiyar aiki, wa zai kara masa kunne?

Na koma na ce ba zan saya ba. Na ce wa tafinta ta faɗa masa da taushi, ta ce babu yadda za a faɗi wannan da taushi. Ya gyaɗa kai. Idonsa ya kawo ruwa, nawa ma. Na ce wa tsohon, Baba ka yi haƙuri, da harshenmu, kuma ina jin ya gane.

Shi ne da kansa ya ja ni bayan shagon ya yaye wani tampol. Ƙaramin inji, bai kai rabin wancan sauri ba, amma irin wanda kayan gyaransa ke ko'ina, har makanikenmu ya san shi. Da injin yanka mai kyau a gefensa. Na sa ya tayar da su. Na zauna na yi lissafin aikin littattafan a kaina. In aka yi aiki safe da yamma, da tsohon injinmu yana taimakawa, za mu fita. Da ƙyar, amma za mu fita.

Na ce waɗannan nake so.

An fito da Yaya lafiya. Alhamdu lillahi. Ban bari a ba shi waya ba.

Talata, 14 ga Mayu

Mun bi takardun layi-layi ni da tafinta kafin in sa hannu. Wa zai kai kaya tashar ruwa, wa ke da inshora, me zai faru in sun iso a fashe. Wuri biyu na sa aka gyara. Na ɗauki hoton lambar jikin kowane inji. Babu wanda ya ce in yi haka.

Na faɗa wa Yaya. Ya ce, "Na aike ki sayen doki kin sayo min akuya." Ya kashe wayar. Na san zafin ciwo ma na ciki. Duk da haka maganar ta soke ni.

Tsohon ya raka ni har bakin titi. Ban tambaye shi abin da zai yi da babban ba. Na kasa.

Juma'a, 17 ga Mayu

Gida. Yara sun fi murna da alewa a kan ni. Umma ta juya ni gaba da baya ta ce na rame.

Na je asibiti. Yaya ya juya fuska bango. Na zauna na ɓare masa lemo, na ba shi labarin durowar tun daga farko. Da zan tafi ya ce, "Takardun fa?" Na ba shi. Ya karanta har ƙarshe, ya ce wa ya sa aka ƙara maganar inshora. Na ce ni. Ya ce hm.

Laraba, 10 ga Yuli

Sun iso. Makanike ya haɗa ƙaramin a yini ɗaya. A cikin akwakun mun sami gwangwanin man inji da tsummokara a naɗe tsaf, ba sa cikin ciniki. Na aika wa tafinta hoto ta nuna wa tsohon. Ta ce ya koma wurin 'yarsa. Babban injin, masu sayen ƙarfe ne suka ɗauka. Na shiga sito na ɗan zauna.

Yaya ya zo da sanduna, ya zagaya ƙaramin sau biyu. "Ba shi da sauri." Na ce eh. Ya tsaya yana kallon takarda na fita, ya ɗauki ɗaya ya ɗaga ta sama a haske. Ya sa ta a aljihu.

Asabar, 3 ga Agusta

Littattafai sun kusa rabi. Kowa a gajiye, amma ma'aikata sun dawo da raha.

Yau kamfanin da ke sayar mana da takarda suka kira daga waje, suna so wani ya je ya ga sabon samfuri a tattauna farashi, ƙarshen shekara. Ni na ɗauki wayar, Yaya na gefe yana shan shayi. Mutumin ya tambaya wa zai zo. Na ce ni ce.

Ban san lokacin da maganar ta fita daga bakina ba. Na juya na kalli Yaya. Ya kurɓi shayinsa ya ce in tambaye su ko da sanyi a lokacin.

Ba wai ina son tafiyar ba ne. Ƙafarsa ce ba ta gama warkewa ba, shi ke nan.