Gidan da Aka Hana Ni Sharewa

Litinin, 3 ga Maris

Yau kwana arba'in da tafiyar mai ɗakina da 'yarmu Gimbiya gidan yayanta. Likita ne ya ce dalma ta yi yawa a jinin yarinyar, a nisanta ta da masana'antar narka batura da ke bayan katangarmu. Ni na zauna. Lauya ta ce ƙarar da muka kai masana'antar tana buƙatar wanda har yanzu yake kwana a layin. Mu bakwai muka sa hannu, saura mu uku.

Na dawo daga shagon walda, na yi sallama a ƙofa, har na tsaya jiran amsa.

Laraba, 5 ga Maris

Lauya ta biyo ta shago. Na tambaye ta, tunda kotun nan ba ta san komai ba sai ɗage zama, ina muka dosa? Ta ce akwai yarjejeniyar da ƙasashe suka sa wa hannu, wai ran mutum da lafiyarsa haƙƙinsa ne, wanda ya ɓata iskar da yaro ke shaƙa kuwa ya taɓa haƙƙin. Akwai masu saurare a ƙasar waje, amma ba sa buɗe ƙofa sai an gama da kotunan gida. Na ce, "Ranki ya daɗe, kamar shekara nawa?" Sai ta kama kallon takalminta.

Asabar, 15 ga Maris

Talata masu awo za su zo duba gidan. Daga nesa za su taho, in ji Lauya.

Talata, 18 ga Maris

Na yi aika-aika.

Jiya ko shago ban je ba. Na share, na wanke daɓe, na goge taga da saman sif, yadda mai ɗakina take yi in za a yi baƙi. Suka iso su biyu da safar hannu da auduga a leda. Ɗayan ya shafa taga da yatsa, ya kalli yatsan, ya kalli Lauya. Ashe ƙurar suka zo ɗiba.

Lauya ta ce, "Malam, me ka yi?"

Na ce baƙi ne fa, ya za su tarar da ƙazanta? Ta ɗora hannu a ka. "Ka share mana shaida!" Yanzu sai na yi sati shida ba shara, ba guga.

Na gaya wa mai ɗakina a waya. Ta ce, "Yallaɓai, shekara huɗu ina roƙonka ka ɗauki tsintsiya, sai ranar da ba a so?" Ta yi ta dariya har da tari. Na yi ta saurare kawai, kada ta daina.

Lahadi, 30 ga Maris

Hanya ɗaya nake bi a ɗakin, daga ƙofa zuwa shimfiɗa. Abinci a waje. Ƙurar baƙa ce, mai laushi, ta fi taruwa a ƙasan taga. Daidai inda Gimbiya take dafawa ta miƙe tsaye ta leƙa masu wucewa, yatsa a baki. Da hannuna na ɗora ta can, ba sau ɗaya ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na je na gan su. Tafiyar awa huɗu. Mai ɗakina ta tare ni a ƙofa, ta ce kaya a leda, wanka tukuna. Gaskiyarta.

Gimbiya ta yi kumatu. Ta ɓoye a bayan ƙafar kawunta tana leƙena. Sai da la'asar ta zo da kanta ta ja gemuna.

Yaya ya nuna mini wani ɗaki a bayan gidansa, ba kowa ciki, ya ce mai walda na bakin titi yana neman hannu. "Ƙanina, kotu ba ta rainon yaro." Na ce na riga na yi alkawari. Mai ɗakina kuwa tana ta ninke kayan da suke a ninke.

Asabar, 19 ga Afrilu

Tela da direba, sauran abokan ƙarata, sun kwashe iyalansu sun bar layin. Saura ni.

Talata, 29 ga Afrilu

Masu awo sun dawo, audugarsu ta yi baƙi ƙirin. Lauya har da tafi. Kotu kuma ta ɗage zuwa Oktoba. "Ka ƙara haƙuri, Malam, kai ne ginshiƙin." Na ce ba komai. Na lissafa a raina, kafin nan Gimbiya ta iya magana sosai.

Juma'a, 2 ga Mayu

Ba inda za ni. Alkawari kaya ne.

Na dai auna gadonmu da tef, haka kawai. Ƙofar ɗakin nan na Yaya matsattsiya ce, ba zai shiga ba sai an kwance ƙafafu. Noti huɗu ne. Na kwance biyu, don in ga ko sun yi tsatsa.

Ba su yi ba.