Sa Hannuna Yana Bangon Kamfanin da Ake Zargi da Kashe Lambun Kawuna

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kwana goma sha biyu ke nan abinci ba ya min daɗi, kuma na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni malama ce a wata cibiya da ke horar da ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni da ƙungiyoyi kan kula da muhalli. Shekara tara ina wannan aiki. Ina koya musu yadda ake tace ruwan masana'anta kafin a sake shi, da yadda ake raba shara, da abin da doka ta ce. Kwana biyar ake yi, ranar ƙarshe a ɗauki hoto, kowa ya karɓi takardar shaida mai ɗauke da sa hannuna.

Kawuna, wan mahaifiyata, manomin lambu ne a bakin rafi. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Bai yi boko ba, amma ya san sunana a rubuce, domin shi yake karɓo min sakamakon jarrabawa tun ina firamare. Ko a gaban baƙi ba ya kirana sai da Malama, har 'ya'yansa suna tsokanarsa wai ni kaɗai ya haifa.

Wata biyu da suka wuce ruwan rafin ya fara canza launi, ya yi fari-fari kamar an wanke buroshi a ciki, yana wani wari mai hawa kai. Latas ɗinsa ya ƙone tun daga baki, tumatir ya zubar da fure, hannuwansa suka dinga ƙaiƙayi har suna saɓa. Masu lambun suka bi rafin sama, suka tarar da wani bututu yana zubar da ruwa a bayan katangar wani kamfanin fenti. Kawu ya ce musu kowa ya kwantar da hankalinsa, yana da 'yar da ta san kan abin. Ya sa rigarsa ta fita kunya, ya zo ya ɗauke ni muka tafi.

Anti, muna shiga ofishin manajan sai ya miƙe da fara'a yana kirana malamarsu. Ya nuna bango. Ga takardar shaidar cibiyarmu a cikin gilashi, ga sunana, ga sa hannuna. Ya juya ya ce wa Kawu ai 'yarsa ce da kanta ta horar da su ta kuma ba su shaida, don haka ya je ya nemi matsalar lambunsa a wani wuri. Kawu ya matsa kusa da bangon ya daɗe yana kallo. Ni kuwa bakina ya mutu. Ni da nake tsayawa gaban mutum arba'in ina magana awa uku, ranar ko tari ban iya yi ba.

Gaskiyar da ke cina ita ce na tuna mutumin sarai. Bara ya zo ranar farko da safe, ya karɓi jaka da littafi, ya amsa waya ya fita. Ban sake ganinsa ba sai ranar hoto. Abokin aikinsa ne yake rubuta masa suna a takardar halarta. Na gaya wa shugaban cibiyarmu a lokacin, ya ce irin waɗannan kamfanoni su ke riƙe da mu, idan muka tsananta za su koma wani wurin. Na sa hannu. Kuma ba shi kaɗai na taɓa yi wa haka ba.

Muka kamo hanyar gida ni da Kawu. Da zan sauka ya ce na gaida yara, shi ke nan. Na kira shi sau huɗu, sai ya amsa gaisuwa ya ce yana cikin aiki. Mahaifiyata ta ce tun ranar bai ƙara kirana Malama ba, sai dai ya ce 'yar wajenki. Maigidana ya ce na yi shiru abin zai wuce, aiki ba a samunsa a titi. Ga shi wata mai zuwa kamfanin nan zai sake turo mana mutum uku. Na rubuta takardar ajiye aiki, tana cikin jakata ban miƙa ba. In ajiye ne? In faɗa wa Kawu gaskiya, ko zan ƙara zubar da kaina a idonsa?

Taki,
Malamar da bakinta ya mutu

Ƙanwata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Bari mu raba laifinki da wanda ba naki ba, domin kin haɗa su kin ɗora wa kanki duka.

Kin sa hannu cewa mutum ya halarci horo alhali bai halarta ba. Wannan kuskurenki ne, kuma matsin shugabanki bai wanke ki ba. Amma takardar nan shaidar zama a aji ce kawai. Ba ta ce ruwan kamfanin yana da tsabta ba, manajan ya san haka, ya dai fake da ita don ya rufe bakin dattijo. Sannan har yanzu zargi ake yi. Bututu da wari hujja ce ta a bincika, gwaji ne zai tabbatar.

Ki fara da kawunki, kuma ba ta waya ba. Ki same shi a lambun ki faɗa masa abin da kika faɗa min, ba ragi ba ƙari. A ganina shirun da kika yi a ofishin ya fi takardar ƙona masa rai, domin ya kawo ki ne ki yi magana. Wataƙila ba zai sauko nan take ba, ki ba shi lokaci. Ki kai shi asibiti a duba hannuwan nan, kuma ki roƙi masu lambun su dakata da sayar da kayan lambun har a san abin da ke cikin ruwan, tunda mutane ne za su ci.

Daga nan ki yi abin da kika fi kowa iyawa. Ki nuna musu yadda ake ɗibar ruwan gwaji, sama da bututun da kuma ƙasansa, a kai ɗakin gwaji mai rajista. Ki taya su rubuta koke zuwa hukumar kula da muhalli da sunansu, ba da sunan cibiyarku ba. Ki sanar da shugabanki tun da wuri, kada ya ji a bakin manajan.

Maganar maigidanki ma abar dubawa ce, akwai yara. Kada ki miƙa takardar ajiye aikin nan cikin zafin rai. Ki fara gaya wa shugabanki a rubuce cewa daga yanzu ba za ki sa hannu a takardar wanda bai zauna kwana biyar ba, kuma da kanki za ki riƙa kiran suna safe da yamma. Idan ya yarda, mutum ukun nan masu zuwa su ne hanyarki ta shiga kamfanin, ki koyar da su da gaske. Idan ya ƙi, to kin san inda kike, sai ki nemi wani aikin a tsanake kafin ki saki wannan.

Allah ya ba kawunki lafiya, ya mayar masa da lambunsa, ke kuma ya ba ki ƙarfin zuciyar zuwa wurinsa cikin makon nan.