Zoɓon da Kike Mayarwa Kore

Zuwa ga yayata, Adda Maimuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina rubuto miki ne ko da yake ban san inda zan aika takardar ba.

'Yarki Ummi tana lafiya. Ranar da masu bindiga suka shigo garinmu kika goya mini ita, kika ce in yi gaba, za ki koma ki kamo hannun tsohuwarmu. Yarinyar nan yanzu ta fi ni tsawo. Muna nan unguwar Karewa a Jimeta, ke ce dai har yau shiru.

Kin tuna wasan zoɓonki? Ki tara yaran unguwa a tsakar gida bayan la'asar, ki jefa kanwa a kofin zoɓo ya rikiɗe ya koma kore mai duhu, ki matsa lemun tsami jan ya dawo. Yara su yi ta ihu. Ni kuwa ina gefe ina miki tsiya, wai malamar firamare ta koma boka. Da na sani, da na rufe baki na saurari bayanin.

Da muka iso Jimeta, Ummi ta yi wata biyu ba ta ce uffan ba. Duk dabarata ta ƙare, sai na jiƙa zoɓo na jefa kanwa. Ta zuba wa kofin ido, can ta kira ni yadda muke kiran ƙanwar uwa, ta ce, “Yapendo, me ya sa?” Maganarta ta farko ke nan. Ban san amsa ba, Adda. Na ce mamanta ce ta sani, idan kin dawo za ki faɗa mata.

Daga nan na samu abin riƙewa. Waken da muka shuka a gwangwanin madara ya karkata wajen taga, ƙwai ya taso a ruwan gishiri, kowace tambaya sai in ce a ajiye miki. Shekara da shekaru muna tara miki tambayoyi. Da su nake hana ta fid da rai, ni ma da su nake hana kaina.

Makon jiya ta dawo daga makaranta, ta jiƙa zoɓo da kanta, ta zaunar da ni ta yi mini bayani tiryan-tiryan, yadda malaminsu ya koya musu. Ta wanke kofin ta kife, ta ce, “Yapendo, ba sai mun jira ba kuma.” Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, don na gane ni kaɗai na rage ina duban hanya, kuma wallahi na gaji.

Ban san wace addu'a zan yi miki ba, ta masu rai ko ta mamata. Idan kina numfashi, Allah ya nuna miki hanyar Karewa. Idan kin riga mu, Allah ya jiƙan ki da ke da tsohuwarmu, ni kuma ya ba ni ƙarfin daina jira.

Ƙanwarki,
Asabe